Ni Nake Ba Su Dariya, Ni Nake Kwana da Yunwa

Assalamu alaikum Anti.

Ni ɗalibi ne a jami'a, ina aji uku, shekaruna 22. Tun da na shiga makaranta aljihuna bai taɓa yin nauyi ba, amma Allah Ya hore mini baki. In kuɗi suka ƙare sai in mayar da abin barkwanci. Ni na kafa wa ɗakinmu jadawalin sifili-ɗaya-sifili, wato babu na safe, akwai na rana, babu na dare, na kuma sanar cewa likitana ne ya ɗora ni a kai. In na taka a ƙasa daga masauki zuwa aji sai in ce direbana na ba hutu. Duk taron da na ji za a raba abin taɓawa ina sahun gaba, har nakan riga masu shirya taron zuwa. Abokaina suka raɗa mini suna Gwamnan Babban Banki, kuma ina amsawa.

Da ina jin daɗin haka. Bana abin ya canza. Aikin mahaifina ya tsaya wata biyar da suka wuce, abin da ake turo mini ya ragu ƙwarai, wani watan ma babu. Akwai ragowar kuɗin makaranta da ban cika ba, an kuma ce wanda bai cika ba ba zai zauna jarrabawa ba, ga shi saura mako shida. Sifili-ɗaya-sifili ya tashi daga wasa. Sau biyu ke nan jiri yana kwasata a cikin aji. Amma in na ce yau ban ci komai ba sai a fashe da dariya, a ce Gwamna ya fara.

Abokin ɗakina gidansu da hali, kuma ba mugu ba ne, yakan sam mini abinci. Sai dai kwanan nan, a gaban wata 'yar ajinmu da nake jin nauyinta, ya ce rigata za ta riga ni karɓar digiri tunda ba ta taɓa fashin aji ba. Kowa ya yi dariya har da ni, amma a daren ban runtsa ba. Wani abokina kuma, mai tsare gida, ya ja ni gefe ya ce ina zubar da mutuncina, talauci ba abin wasa ba ne, in kama kaina. Gida kuwa in sun kira nakan ce komai lafiya lau, in yi ta ba Mama dariya, don ba na son ƙara musu damuwa. Har na fara leƙa manhajojin ba da bashi a waya.

Anti, in daina barkwancin ne? In na daina ban san matsayina a cikinsu ba, kuma shi kaɗai ne abin da nake da shi wanda ba saya nake yi ba. In na ci gaba kuma ji nake kamar kaina nake yaudara.

Ɗanki, Gwamnan da ba shi da ko sisi.

Wa alaikumus salam ɗana. Ranka ya daɗe, Gwamna.

Bari in fara da amsa laifina. Na yi dariya a kan direban da ka ba hutu, na ƙara yi a kan rigar da za ta riga ka karɓar digiri. Sai da na iso kan jirin nan dariyar ta tsaya mini a maƙogwaro. Abin da ya same ni ina karanta wasiƙarka shi ne bai samu abokanka ba tukuna. Su har yau farkon wasiƙar suke karantawa, don babu wanda ya nuna musu sauran.

Gajeriyar amsa ita ce a'a, kada ka daina. Amma gajeriyar amsa ba za ta cika maka kuɗin makaranta ba, saboda haka gyara zama.

Ni ma na yi ɗalibta da aljihu fayau, kuma ban manta ba. Akwai daren da ni da ƙawata muka ɗora tukunya a wuta, babu komai a cikinta sai ruwa, muka rufe ta ruf, don kada maƙwabtan ɗaki su gane yau ba a girki a wurinmu. Tana tafasa muna zaune muna gardamar ko gishiri ya ji. Muka yi dariya har da hawaye, muka sha ruwan zafinmu muka kwanta. Mun ƙware a farke bututun man goge baki a lakato na ƙarshe, da haɗa gutsattsarin sabulu huɗu su koma guda mai launi-launi. Yau in muka haɗu da ita babu mai tuna makin da ta ci a wani darasi, amma tukunyar nan tana nan daram. Na ba ka labarin ne don ka san abokinka mai tsare gida bai yi daidai ba da ya ce talauci ba abin wasa ba ne. Wanda babu ta kama ya fi kowa ikon yi mata dariya. Ita babu takan ƙanƙantar da mutum, ta sa ya ji komai yi masa ake yi, shi ba ya iya komai. Ranar da ka ce direbanka ka ba hutu, kai ka riƙe linzamin labarin, kai ka zaɓi yadda za a faɗe shi, kuma na tabbata tafiyar ta yi maka sauƙi a ranar. Wannan ba yaudarar kai ba ce, kuma ba kowa Allah Yake ba irinta ba.

Sai dai raha iri-iri ce, kuma daga nesa duk kamarsu ɗaya. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Kanada, Rod Martin, shi da abokan aikinsa sun fitar da wani ma'auni a 2003 wanda ya kasa barkwanci gida huɗu. Akwai wanda ake yi don zama ya yi daɗi, jama'a su saki jiki da juna. Akwai wanda mutum yake yi wa halin da ya tsinci kansa don ya samu ƙarfin ɗauka, ko da shi kaɗai ne a ɗaki. Akwai na ƙeta, wanda ake yankar wani da shi. Na huɗun ne ya sa na kawo maka zancen: mutum ya riƙa kwance wa kansa zani a kasuwa don a karɓe shi, ya bari a yi ta dariya a kansa har ya taya, ya kuma ɓoye abin da ke cinsa a bayan wasan. Binciken da aka yi da ma'aunin ya nuna biyun farko sun fi tafiya tare da natsuwa da sanin darajar kai, na huɗun kuwa ya fi tafiya tare da damuwa da raina kai. Direban da ka ba hutu ɗan gida na biyu ne. Dariyar da ka taya su a kan rigarka, ka koma ka kwana ido biyu, 'yar gida na huɗu ce. Bakinka ɗaya ne ya yi su duka biyun, shi ya sa ka rikice.

Kai da kanka za ka iya tantance su. Ka riƙa lura da abin da ya saura a ƙirjinka bayan an watse. In ka ji sakayau, wannan wasan naka ne, ka riƙe shi. In kuwa ka ji wani abu ya tokare ka, ka koma ɗaki kana ta maimaita maganar a ranka, to wannan karon da kanka ka biya kuɗin dariyar mutane, kuma ya yi tsada. Ka yi mako guda kana wannan lura, za ka ga ba duka barkwancin ne ke ciwo ba. Ina zaton batutuwa biyu ne kawai suka koma gyambo, abinci da tufafi. Sauran lafiyarsu ƙalau.

Kada ka yi saurin ƙullatar 'yan ajinku don sun yi dariya ranar da ka ce ba ka ci komai ba. Shekara biyu da ɗoriya kana faɗin wannan magana da murya ɗaya da fuska ɗaya, ka koya musu cewa in sun ji ta lokacin dariya ya yi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to kai taka fuskar ka hore ta har ta daina ba da labari. Ban ɗora maka laifi ba, don a lokacin da ka fara, babun mai sauƙi ce, irin wadda kusan kowane ɗalibi ya sani: kuɗi su ƙare kafin wata ya ƙare, a daure kwana huɗu, saƙo ya shigo. Wannan ana yi mata dariya ne saboda kowa ya san za ta wuce, babu wanda za ta kayar. Ta yanzu daban ce. Kiɗa ya canza tun wata biyar da suka wuce, kai kana nan kana rawar da.

Jirin nan ne ya fi tsaya mini a rai, fiye da rigar, fiye ma da kuɗin makarantar. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kusan kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke amfani da shi. Kai kuma da ita kake sana'a. Ɗalibin da ke karatu da yunwa kamar mai ɗinki ne da ya jinginar da kekensa. Ba yunwar kaɗai ba, ita kanta damuwar kuɗi tana cin wuri a kai. A 2013 mujallar Science ta buga wani bincike da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da abokan aikinsu suka yi, inda aka gwada manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya sau biyu, kafin girbi lokacin da hannunsu babu komai, da kuma bayan girbi da kuɗi suka shigo. Mutanen dai su ne, amma sun fi cin gwajin tunani bayan girbi. Saboda haka in ka ga kana karanta shafi sau uku bai zauna ba, ba daƙiƙanci ya same ka ba, lissafin bashi ne ya cika ɗakin. Duk abin da ya shigo hannunka daga yau, ciki ne farko. Abin da ake saya a dafa a ɗaki ya riƙe ciki ya fi na tsaye a hanya albarka nesa ba kusa ba, kuma in mutum biyu ko uku suka haɗa tukunya, rabon kowa yakan fi abin da zai samu shi kaɗai. In jirin ya sake dawowa ka je asibitin makaranta, ka gaya musu gaskiyar sau nawa kake ci a rana. Can ma kada ka ce likitanka ne ya ɗora ka a kan jadawalin.

Yanzu abokin ɗakinka. Ka ce ba mugu ba ne, kuma na yarda, don mugu ba ya sam wa mutum abinci. Abin da ya faru shi ne kai ka buɗe ƙofar, shi kuma ya shigo bai san inda tabarma ta ƙare ba. Ya ga kana zolayar kanka kowa na jin daɗi, sai ya ɗauka filin na kowa ne. Amma zolayar da mutum ya yi wa kansa da wadda mai hali ya yi wa marar hali a gaban mace ba ɗaya ba ne, ko da kalmomin iri ɗaya ne. Wargi wuri yake samu, in ka yi shiru zai ƙara, kuma ba da nufin cuta ba. Ka same shi ku biyu, ba a gaban kowa ba, ba kuma cikin fushi ba. Ka ce masa, "Abokina, maganar rigar nan ta ba ni dariya a wurin, amma ta yi mini ciwo daga baya. Abubuwa sun yi tsanani a gida bana. In ni na tsokani kaina ka taya ni, amma kada ka fara, musamman a cikin mutane." Shi ke nan, kada ka tsawaita. Abin da nake tsoro guda ne: za ka kai tsakiyar maganar ka ga fuskarsa ta canza, sai bakin nan naka ya kawo ɗauki da wani barkwanci don a huce. Ka danne shi. Ka bar shirun ya ɗan zauna, ba zai kashe kowa ba. Ina kyautata zaton kunya ce za ta kama shi, ba fushi ba. In kuwa ya ce ai wasa ne, ka cika ɗaukar zafi, ya kuma maimaita, to ka san iyakar abotar, ku zauna lafiya a ɗaki amma ka daina ba shi abin da zai yi wasa da shi.

In maganar ta yi daɗi, ka kawo masa tayin da zai cire maka nauyin abincin da yake sam maka. Shi ya kawo kayan girki mafi yawa, kai ka kawo abin da ka iya, ka ɗauki girkin da wanke-wanke, ko ka riƙa yi masa bitar darasin da ka fi shi ganewa. Abincin da ka yi wa aiki ya fi sauƙin haɗiya, shi ma kuma zai daina jin yana da wani iko a kanka wanda bai ma san yana ji ba.

Ita kuwa rigar, bari in rage maka nauyinta. A Jami'ar Cornell ta Amurka, Thomas Gilovich da abokan aikinsa sun taɓa sa ɗalibai su saka riga mai hoton wani mawaƙi da matasa ke jin kunyar a gan su da shi, su shiga ɗakin da wasu ɗalibai ke zaune. Masu rigar sun yi zaton kusan rabin mutanen ɗakin za su lura da wanda ke jikinta. Waɗanda suka lura ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba. An buga sakamakon a 2000. Kowa da kansa ya damu, ɗana. Wannan 'yar ajin naku da kake jin nauyinta, wataƙila a lokacin tunanin takalminta take yi. In har ta riƙe wani abu daga ranar, ta fi riƙe wanda ya yi maganar fiye da rigar, don mata ba sa mance namijin da ya kunyata abokinsa a gabansu. Ka wanke rigarka ka goge ta, ka shiga aji.

Abokinka mai tsare gida fa, kada ka yar da shi don maganarsa ta zo da kaushi. Maganin da ya rubuta maka ba daidai ba ne, amma a duk cikinsu shi kaɗai ya gane akwai ciwo. Kowa na dariya, shi ya ja ka gefe. Mai yiwuwa ma shi kansa ya san babu, irin mutanen da suke rufe ta da tsare gida kamar yadda kake rufe taka da raha, shi ya sa wasanka yake sosa masa wuri. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. In za ka zaɓi mutum ɗaya da zai san komai, da adadin kuɗin da ranar da wa'adi zai cika, ni shi zan zaɓa. Ba don ya biya maka ba. Don ya zama akwai ido ɗaya a makarantar nan da in ka ce ba ka ci ba zai tashi tsaye, ya kuma raka ka inda kake jin nauyin zuwa kai kaɗai.

Sai gida, kuma nan ne na san za ka fi yi mini gardama. Niyyarka mai kyau ce, Allah Ya yi maka albarka a kanta. Amma ka tsaya ka yi lissafi da ni. Yau saura mako shida. In ka faɗa yau, iyayenka suna da mako shida na neman hanya: wani ɗan'uwa, wani bashi da suke bi, wani abu da za a iya jinkirtawa. In ka ɓoye har wa'adi ya cika, damuwar da kake gudun ba su za ta same su duka a rana ɗaya, tare da baƙin cikin cewa ɗansu bai gaya musu ba, ga shekarar karatu a bakin rami. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ita Mama kuma, kada ka ɗauka dariyar da take yi a waya tana nufin ba ta gane ba. Uwa ta san abin da ta tura da abin da ba ta tura ba, ta kuma iya lissafi. Zai yiwu ita ma tana yi maka dariyar ne don kada ta karya maka gwiwa, kowa na rufa wa kowa asiri, asirin kuma kowa ya san shi. Mahaifinka yana cikin halin da namiji ke jin kunyar kansa, don haka kada maganar ta zo masa kamar tuhuma ko kuka. Ka kawo ta kamar rahoto: ga abin da ya rage, ga ranar, ga abin da na riga na yi a makaranta, ga abin da nake ganin zan iya haɗawa da kaina, me kuke gani? Uba yana jin daɗin a nemi shawararsa ko a ranar da ba shi da abin bayarwa.

"Abin da na riga na yi a makaranta" yana nufin a cikin makon nan, ba na sama ba. Ka fara da malamin da ke kula da ajinku ko shugaban sashenku, daga nan ofishin kula da harkokin ɗalibai. Ka tafi da takarda a rubuce, gajera, mai sunanka da lambarka da adadin da ya rage da dalili. Ka tambaya ko ana karɓar biya kashi-kashi, ko ana ƙara wa'adi, ko akwai asusun tallafa wa ɗaliban da hali ya juya wa baya, ko wani ɗan aiki a ɗakin karatu ko a sashe. Makarantu sun bambanta, wata tana da duka, wata ba ta da ko ɗaya, amma ba a liƙa irin waɗannan a allo yadda ake liƙa wa'adin biya, sai wanda ya tambaya yake ji. Duk abin da aka yi maka alkawari ka roƙa a rubuta. Kuma ka bar Gwamna a bakin ƙofa, don wanda ya shiga ofis yana raha akan ɗauka matsalarsa ba ta kai ta kawo ba. In duk hanyoyi suka toshe, Allah Ya kiyaye, ka tambayi yadda ake jingine zangon karatu a hukumance. Da ɗaci, amma wanda ya jingine da takarda yana da kujerar da zai dawo ya tarar, wanda ya ɓace shiru kuwa faɗuwa ake rubuta masa.

Manhajojin bashin nan ka fita daga cikinsu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba shi nake ƙi ba. Irin wannan nake ƙi: wa'adi gajere, kuɗin ruwa mai yawa, ga wanda ba shi da ranar samu. Da yawansu sun yi ƙaurin suna wajen kwashe lambobin da ke wayar mutum, in ya makara su bi danginsa da abokansa da saƙon tozarci, har sai da kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke shagonsa na Play shiga lambobi da hotunan mutane a 2023. Ka yi tunanin saƙo irin wannan ya faɗa wayar mahaifinka a halin da yake ciki. Haka caca ta waya, haka duk wanda ya ce ka kawo kaɗan ya ninka maka cikin mako. Banza ba ta kai zomo kasuwa. In bashin ya zama dole, ka ci na mutum mai fuska, ka faɗa masa gaskiyar ranar da za ka iya biya ko da ta yi nisa, ku rubuta.

Ta wajen samu kuwa, ka riga ka san abin da ɗalibai ke yi: koyar da yara darasi da yamma, buga wa mutane rubutu a kwamfuta, ɗan saye da sayarwa a masauki. Ka zaɓi guda wanda ba zai cinye lokacin karatu ba, tunda jarrabawa ta ƙarato. Ni dai abin da ya ba ni mamaki shi ne kana zaune a kan jari kana cewa ba ka da ko sisi. Mutumin da zai sa aji guda dariya da tafiyar ƙasa, ana neman irinsa ya jagoranci taro, ya gabatar da baƙi, ya rubuta tallar da za a karanta har ƙarshe. Tarukan nan da kake riga masu shiryawa zuwa, ka fara tambayarsu wa zai riƙe musu lasifika. Na farko da na biyu wataƙila abin taɓawar kawai za ka samu, wanda da ma shi ya kai ka, sai dai wannan karon da girma za a miƙo maka. Ka kuma samu ɗan littafi kana rubuta barkwancin nan, don suna guduwa. A bayan littafin ka riƙa rubuta duk abin da ka kashe na tsawon mako biyu, kome ƙanƙantarsa. Gwamnan Babban Banki da ba ya ajiye lissafi ai abin kunya ne.

Ka ce in ka daina ba ka san matsayinka a cikinsu ba. Wannan layin ya fi kowanne nauyi a wasiƙarka, kuma ina ganin ka yi kuskuren lissafi a cikinsa. Ka ɗauka talaucinka suke so. Aji cike yake da marasa kuɗi, ba a kewaye su ana dariya. Idonka suke so, yadda kake hango abin dariya a inda kowa ya wuce bai gani ba. Wannan idon zai yi aiki a kan layin rajista, da malamin da ke cewa "a taƙaice" sannan ya ƙara awa guda, da intanet ɗin makaranta da ba ya tashi sai kowa ya yi barci. Ka gwada kwana uku ba ka taɓa aljihunka a cikin wasa ba, ka ga ko za a watse. In kuma rashin barcin nan ya zarce, ka ga mako biyu sun wuce ba ka jin daɗin komai, har rahar ta koma aikin dole, to ka nemi mai ba ɗalibai shawara a makarantarku ko likita, ka zauna da shi. Masu ba mutane dariya sun fi kowa iya ɓoye irin wannan.

Sunan Gwamna kuma naka ne, in kana so ka riƙe, in ya ishe ka ka ajiye. Da ni ce zan riƙe, in yi amfani da ikon ofis. Ka tara 'yan ɗakinku ka karanta musu sanarwa cewa Babban Banki ya soke jadawalin sifili-ɗaya-sifili nan take, an haramta wasa da cikin Gwamna har bayan jarrabawa, kuma duk wanda ya ji Gwamna ya ce bai ci ba, umarni ne ba barkwanci ba. Za su yi dariya. Ka bari su gama, sannan ka dube su ka ce, "Da gaske nake." Waɗanda suka ji za ka gane su a fuska.

Gobe ka fara da mai tsare gidan, jibi ku tafi ofis tare, ranar da ka fito da amsa a hannu ka kira gida. Ka sake rubuto mini bayan jarrabawa in ji yadda aka ƙare. Ka gaida mini rigar, ka ce mata ta yi haƙuri ta jira ka, tare za ku karɓa.

Antinka.